Sunan da Inna ta Faɗa a Bakin Turmi

Shekarun baya, lokacin rumfata tana kusa da tasha a kasuwar Gidan Rumji, na yi wani abu wanda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Maganar ta daɗe da mutuwa, kowa ya haƙura, shi ya sa zan iya ba ku ita. Ku yi haƙuri da rubutuna. A aji uku na bar lakol, wato makaranta, kuma ba korata aka yi ba, ni na gudu.

Sana'ata sharjin salula, wato wayar hannu, da tura waƙoƙi. Mutum ya kawo katin salularsa, in sa a kwamfuta, in zuba masa abin da yake so: wa'azi, waƙar biki, fim, duk ɗaya ne a wurina. Ba saurare nake ba, turawa nake. Hannuna ya saba, in aka ba ni abu sai in kwashe duka in juye, in ce wa na gaba ya matso.

Yayana kuwa mawaƙi ne, irin masu rap ɗin nan. Ni ban taɓa gane abin ba, a kunnena kamar mutum ne yake faɗa da wani wanda ba ya wurin. Amma an san shi. Maradi, Yamai, har ƙetaren iyaka an sha kiransa wasa. Ya fara tun yana saurayi mai ƙaton wando, bai daina ba har furfura ta fito masa a gemu.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da wannan yake nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya zo gaishe da Inna, shi yana durƙushe, ita tana amsawa tana kallon bango. In za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”. Akwai wani mai sayar da gishiri a garinmu mai irin sunansa, shi ma bawan Allah ya rasa sunansa a bakinta, “mai sunan wancan” take ce masa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta tarar ana yi. Ni kuwa sunana a bakinta ya fi sau ashirin a yini, yawanci don ta yi mini faɗa.

Wata shekara bayan an gama girbi, yayana ya sauka daga mota a gaban rumfata da jaka biyu. Na yi masa sannu da zuwa bai amsa ba, sai da ya juyo mini da gefen hagu na sake faɗa.

Ya ce, “Auta, kunnen dama ya tahi. Likita ya ce na hagu shina bin sawu.”

Shekarun da ya yi yana tsayawa a gaban manyan bafal, waɗannan akwatunan sauti da ke girgiza ƙirjin mutum, su suka ci kunnen. Na ce to yanzu sai yaya. Ya ce zai yi albom guda, na ƙarshe, kafin shirun ya iso, kuma a gida zai yi shi, ba a Maradi ba. Ya ce kada in gaya wa Inna zancen kunnen. Na ce to.

Garinmu yana nan wajen Cadakori. A bayan gida akwai tsohon rumbun ƙasa na marigayi mahaifinmu, ya tsage ta gefe, an daina zuba hatsi a ciki. Yayana ya leƙa, ya tafa hannu sau biyu, ya ce nan ne. Wai murya ba ta yin amo a ciki. Haka muka shiga, manya biyu masu iyali, muna hawa tsani muna zurawa ta baki kamar ɓarayin gero. Shi da mikro da kwamfutarsa, ni da batirin mota. Aikina in danna in ya ɗaga yatsa, in sake dannawa in ya sauke. Zafin da na sha a rumbun nan Allah kaɗai ya sani. Maƙwabta suna wucewa suna jin murya tana fitowa daga rumbu, wata tsohuwa har ta tsaya ta yi addu'a.

Bai sa kiɗan inji da yawa ba. Da sautin gida ya yi aiki: guga tana faɗawa rijiya, ƙarar amalanke, kukan zabi, bugun masussuka. Ya ce abubuwan da yake so ya tafi da su ke nan. Waƙa tara ya yi. Akwai ta tsadar taki, akwai ta samarin da ke tafiya haƙar zinari ba su dawo ba, akwai wadda ya zagi kansa a kan shekarun da ya yi yana zagin mutane. Wannan ita na fi so, don na yarda da kowace kalma.

Da muka gama ta tara, ya zauna a ƙasan rumbu. Can ya ce saura abu ɗaya. Yana son muryar Inna, irin waƙar da take yi in tana daka. Ya ce tun yana yaro daga ɗakin kaka yake jiyo ta, ta bayan zana, bai taɓa jin ta kusa ba, don in ya shigo sai ta yi shiru.

“Ni ba ni iya tambayarta,” ya ce. “Kai ne ba ka da kunya.”

Gaskiya ya faɗa. Na same ta tana tsince wake, na zauna a kan tabarmarta, na ce Yaya yana so ya ɗauki waƙarta ya sa a albom.

Ta ce, “A sa ni cikin salula? Da tsuhwana? Tashi mini daga tabarma, ƙahwahunka duk ƙasa.”

“Inna, minti biyu kawai.”

“Ka ce ma wancan ya ɗauki zabi, sun hi ni murya.”

Na koma na gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce shi ke nan, in ta ce a'a an gama. Ya fara naɗe wayoyinsa. Ni kuwa abin ya tsaya mini. Ina ganin yadda yake karkata kai in ana magana, na san lokaci ba yawa.

Kwana biyu bayan haka na yi dabara, irin dabarar wanda ya bar lakol a aji uku. Da safe na kunna abin ɗaukar murya a salulata, na sa ta cikin wani kwando, na rufe da tsumma, na ajiye kusa da turmi, na fita. Inna ta daɗe da rage daka, matata ce ke yi. Amma ranar sai ta aiki matata gidan ƙanwarta da saƙo, ta ce yau ita za ta motsa hannu. Na ce a raina Allah ya taimake ni.

Da hantsi na dawo na ɗauki salula. Na shiga rumbu ni kaɗai na saurara. Yawanci kukan akuya ne da tarin Inna. Sai daka ta fara. Sai murya, ƙasa-ƙasa, tana bin taɓarya. Ta yi wa gero kirari, ta yi wa marigayi addu'a, sannan ta ce:

“Na farko da na yaye na miƙa,
ban dube shi gaban mutane ba,
ta tsakanin zana na dube shi.”

Ta yi shiru. Taɓarya ta sauka sau bakwai. Sannan ta faɗi sunansa. Sau ɗaya, a fili, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ta ci gaba da daka.

Ni da nake jin sunan nan kullum a rediyo, ranar sai na ji kamar ban taɓa jin sa ba.

Na kira yayana. Ya sa abin saurare a kunnen hagu, ya danne da tafin hannu, ya rufe ido. Da aka zo wurin bai motsa ba. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce in sake. Ban ƙirga ba, amma har batir ya yi sanyi muna wuri ɗaya. Da ya cire, abin da ya ce kawai shi ne, “Ta ba ka izini?” Na ce a'a. Ya dube ni, ya ce, “Kai ɓarawo ne, Auta.” Amma bai ce in goge ba.

Ya yi kwana uku a kanta. Bai sa kiɗa ba sai bugun turmin. Ya bar muryar Inna yadda take, har da akuyar. Bayan sunan, shi kuma ya amsa da baiti huɗu, ba da irin muryar faɗan nan tasa ba, a hankali, kamar mai magana da wanda ke bayan ƙofa. Wannan ce waƙa ta goma.

Ranar da ya ba ni katin albom ɗin don in fara turawa mutane, ya riƙe hannuna ya ce, “Tara na mutane ne. Ta goma tawa ce. Ka ji?” Na ce na ji. Kuma na ji ɗin.

Ranar kasuwa ta zo. Mutane sun ji labari, rumfa ta cika tun da safe. Na sa kati, hannuna ya yi abin da ya saba, ya kwashe duka ya juye. Na farko ya tafi, na biyu ya tafi. Sai wajen na biyar idona ya faɗa kan lissafin, na ga goma. A nan da na tsaya, da zan iya ce muku kuskure ne. Mutum biyar ne, duk na san gidajensu.

Amma daidai lokacin wani direba cikin waɗanda suka karɓa ya dawo da salula a kunne. Ƙato ne, wanda ba ya gaisuwa. Idonsa ya yi ja. Ya ce, “Kai, wagga ta ƙarshe, wace tsohuwa ce? Ni ma ɗan fari ne. Tawa uwar ta rasu ban ji sunana a bakinta ba.” Ya juya ya ce wa ƴan tasha su zo su karɓi abu.

To a nan ne. Na ce a raina, wannan ita ce ta fi duka, yayana zai rufe sana'arsa, me zai sa a ɓoye mafi kyau? Na ce taimakonsa nake yi. Ƙarya ce, rabi taimako ne, rabi kuma daɗi nake ji rumfata ta cika, kuma ni na ɗauko muryar. Na ci gaba da tura goma har aka tashi kasuwa.

Abin da ya shiga kati ba ya dawowa. Wannan ya tura wa wancan, kafin mako ya zagayo ta goma ta kai Agiye, ta kai Gazawa, wani ya ce ya ji ta a Gangara a gidan biki. Waƙoƙin nan tara da muka sha zafi a kansu ba su yi wani tashe ba. A rediyon Maradi samarin mawaƙa suka ce tsoho ya gaji, ya koma gona, wai albom ne na zabi da amalanke. Wani ya ce ai wannan ba rap ba ne, surfe ne. Amma ta goma ba wanda ya zage ta. Matan da ba su taɓa sauraron irin waƙarsa ba suka riƙa zuwa rumfata. Masu tallar nono suna ajiye ƙwarya su miƙo salula su ce, “Sa muna ta tsohuwa.” Ba wanda ya san sunan waƙar, ta tsohuwa kawai ake cewa.

Yayana ya zo rumfa a kwana na huɗu. Bai ɗaga murya ba, da ma tun da kunnen ya lalace ya rage magana. Ya tsaya har na sallami mutane.

“Mi na ce maka?”

“Yaya, hannu ne ya...”

“Hannu ya yi na farko. Sauran hwa?”



Ya ce, “Ni ba ni ka yi ma laihi ba. Tahi ka gaya mata da bakinka kahin ta ji a bakin wani.”

Ban je ba. Na ce gobe, goben ta zo na ce jibi. Mutumin da ake cewa ba shi da kunya, ranar na gano ba ƙarfin hali gare ni ba, baki ne kawai. A wurin injin niƙa Inna ta ji. Ta kai dawa, wata maƙwabciyarmu ta kunna mata a gaban mata kusan goma, ana dariya ana shewa, tana cewa, “Ashe kin san sunan nashi. Mu muna zaton kin manta.” Matata ta ce Inna ta miƙe. Ta ɗauki kwanonta ba a niƙa ba ta dawo gida.

Daga ranar ta daina zuwa inji, ta daina zuwa suna da biki. Ta daina waƙa. Ni kuma ta daina faɗin sunana. In za ta yi maganata sai ta ce wa matata, “Ki ce ma wancan na kasuwa.” In na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Muka zama wancan biyu a gida ɗaya. Yayana ya yi shekara arba'in da wani abu a haka bai yi ƙorafi ba, ni wata ɗaya ya ishe ni. Na rame. Faɗan da nake gudu na dawo ina nemansa, har takalmi nake shiga da shi ɗakinta ko za ta tanka. Ba ta tanka ba.

A tsakanin nan aka shirya wa yayana taron ban kwana a Maradi, da la'asar. Ya yi waƙa uku, mutane suna tafi kaɗan-kaɗan, sai aka fara kiran ta tsohuwa, ta tsohuwa. Da farko bai ji ba, sai da ya karanta a bakunansu. Ya ce, “Wannan ba tawa ba ce da zan ba ku.” Ya ajiye mikro a kan kujera ya sauka. Wasansa na ƙarshe ke nan. Wasu suka ce girman kai ne.

Sai da ruwan farko ya sauka, ranar da muka dawo daga shuka, Inna ta aiko matata ta ce wancan na kasuwa ya zo da salularsa. Na je na tsuguna a bakin ƙofa, takalmi a waje wannan karon.

Ta ce, “Kunna in ji abin da duniya ta ji.”

Na kunna. Ta saurara daga farko har ƙarshe, tana kallon ƙasa. Da aka zo amsar yayana, hannunta ya tsaya a kan carbi. Da ta ƙare ta ce, “Akuyar ta hito da kyau.”

Na fara ba da haƙuri, na ce na ɗauke ta ba da saninta ba, na yi mata sata. Ta ɗaga hannu.

“Ba da sanina ba? Kwandon da ke rataye bayan ɗaki tun kahin a haife ka, shi ya sauko da ƙahwa tai ya zo gindin turmi? Da tsumman goge kwamfutarka a kai?”

Ta ci gaba.

“Tun randa ya sauka na ga shina juya kai kamar kaza in anka yi magana. Kun ɓoye mini, sai ka ce ba ni na haihe shi ba. Mi ya sa na aiki matarka?” Ta gyara zama. “Saƙo na ba ka ka kai ma mutum guda. Ka kai kasuwa.”

Can ta tambaya, ba ta dube ni ba.

“Ya ji?”

“Ya ji, Inna.”

“Da kunne nai?”

“Da na hagu. Sau da yawa.”

Ta ce, “To.” Sannan ta kira sunana, ta ce in tashi in ɗaure awaki kafin su shiga shuka, ƙato da ni ina zaune kamar baƙo. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Kunnen hagun ya tafi shekara guda bayan haka. Yanzu yayana yana gida, yana noma, yana kiwon zabi, kuma ya ce sun fi mawaƙa ladabi. Inna tana nan, tsufa ya kama ta. Har yau wancan take ce masa, ko da yake yanzu ko ta yi ihu da sunan ba zai ji ba. Waƙar daka kuwa ba ta sake yi ba. Wannan ni na ɗauke mata, kuma ba abin da zan yi in mayar.

Mutane suna ce mini ai alheri na yi, da ban tura ba da albom ɗin ya mutu shiru, da direban nan da ire-irensa ba su sami abin da suka samu ba. Mai yiwuwa. Amma ba ni aka ba wa ikon yin wannan alherin ba. Abin da na koya ba shi da yawa: a gidajenmu akwai maganar da ake faɗa ta hanyar yin kamar ba a faɗa ba, kuma wanda aka ba wa ita ya kai, aikinsa ya kai ya yi shiru. Ni shekara da shekaru ina tura muryoyin mutane, ban taɓa tambayar kaina ta wa ce ba. Na goge ta goma daga kwamfutata. Har yanzu ana zuwa nema, in ce babu, su tafi rumfar gaba su samu.

Yayana yana da ita a tsohuwar salularsa. Wani lokaci in mun dawo daga gona, sai ya zauna a inuwar rumbun nan, ya kunna, ya ƙure sauti, ya manna salular a ƙashin haɓarsa. Murya ba ta isa gare shi, amma bugun taɓarya yana ji a ƙashi. Ya san inda waƙar ke tsayawa. Sai in ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, ɗaya, biyu, har bakwai. Daga nan sai ya ɗaga kai, kamar wanda aka kira daga cikin gida.